Sun Ɗauki Sunanta, Sun Bar Gafakarta

Babu wata jiha a Arewa da za a rasa allo mai ɗauke da sunan Nana Asma'u: ko a ƙofar makarantar 'yan mata, ko a ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a, ko a Islamiyyar unguwa, ko a hedikwatar wata ƙungiyar mata. Duk ranar da aka taru don maganar ilimin 'ya'ya mata, da wuya a tashi mai jawabi bai ambace ta ba. Zai ce ta san harsuna huɗu, ta koyar da mata, ita ce abar koyi. A tafa, a ci shinkafa, a watse. Da za a tare shi a bakin ƙofa a roƙe shi ya faɗi sunan waƙarta guda ɗaya da abin da ke cikinta, da an ga gumi.

Wannan yabo ya zama hanyar binne ta karo na biyu. Matar da aka haifa a Ɗegel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864, ta yi manyan ayyuka biyu waɗanda masu jawabi ba sa son tsayawa a kansu: ta yi waƙoƙin yaƙi, kuma ta tsare littattafai. Na farkon yana ba su kunya, na biyun suna ganin ya yi ƙanƙanta a ambata. Amma in aka cire su, abin da zai rage shi ne suna a jikin bango.

A fara da yaƙin, domin a cikinsa ta buɗe ido. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya lokacin da mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi hijira da jama'arsa daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan wata huɗu aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu ta yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Tsakanin waɗannan ranaku akwai abin da littattafan tarihi suke wucewa da layi ɗaya: yunwa, zazzaɓi, tafiyar ƙafa daga zango zuwa zango, Sabon Gari, Gwandu, mata da yara a tsakiyar ayari. Yarinyar tana cikin wannan ayari. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, a 1809 Muhammadu Bello ya soma gina Sakkwato. Duk da haka yaƙin bai ƙare ba. Gobirawa, Kabawa, Zamfarawa da Katsinawan Maraɗi ba su ajiye makami ba har ta tsufa. Ba ta taɓa zama a ƙasar da babu ribaɗi a bakin iyakarta ba.

Akwai wani abu a labarin hijirar da ya kamata a tsaya a kansa. Mutanen da suka bar gidajensu da gonakinsu ba su bar littattafai ba. An ɗora su a kan raƙuma aka tafi da su. Mai karatu na yau, wanda ya saba da littafi mai bango da ɗinki, yana iya kasa gane nauyin wannan aiki. Littafin wancan zamani warwatsattun takardu ne, ba ɗinki, galibi ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalma ɗaya da marubuci yake sa wa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Ana haɗa su tsakanin allunan fata ko kwali, a ɗaure, a zura a gafaka. Takardar kanta haja ce mai tsada, daga Italiya take fitowa ta ratsa Tarabulus da Sahara, da yawanta da tambarin jinjirin wata uku a jikinta in an ɗaga ta ga haske. Gafaka ɗaya ta kwance a kan hanya, iska ta taso, aikin shekara ya tafi. Ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke tawada. Wanda ya tsira daga wannan, gara da ɓera da gobara suna jiransa a gida. Littafi ba ya rayuwa a irin wannan ƙasa sai in wani ya zauna ya kwafe shi da hannu, wani ya bi bayansa ya duba kuskure, bayan shekaru a sake kwafewa.

Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, ya bar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa cikin Larabci da Fulatanci, waɗanda aka yi a Ɗegel, da bisa hanya, da Sifawa, da Sakkwato. Tattara su da tsara su ya faɗa a hannun Asma'u tun tana 'yar shekara ashirin da wani abu, a gidan mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Bello, gidan da dukkan wasiƙun daula suke bi ta cikinsa. Wannan aiki ne na mai tsaron ɗakin karatu, ko da ba a kira shi da wannan suna ba a lokacin: a gane wace takarda ce ta wane littafi, wane kwafi ne ingantacce, me ya ɓata, wa ke riƙe da shi, wa za a ba ya kwafa. Ba aikin da ake yi wa kirari ba ne. Amma duk mai wa'azin da ya buɗe littafin Shehu a yau, da duk ɗalibin da ya rubuta kundi a kan jihadi, yana cin gajiyar irin wannan zaman, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ya karanta waƙoƙinta da natsuwa zai ga hannun mai tsara littattafai a cikinsu. Ta yi waƙa wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka, ta fara da Fulatanci a 1829, daga baya aka sami ta Hausa da ta Larabci, don mace mai daka ko kaɗi ta riƙe jerin a ka. Wannan fihirisa ce da aka sa wa kari. Tawassuli ga Mata Masu Albarka jerin sunayen salihan mata ne tun daga gidan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta, ta ɗauko tushensa daga littafin da Bello ya rubuta da Larabci ta mayar da shi abin rerawa. Tabbat Haƙiƙa, wadda mutane da yawa suke ji a bakin almajirai da makafi ba su san asalinta ba, waƙar Shehu ce ta Fulatanci. Asma'u ce ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Ita kuwa waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye, wadda ta yi da Fulatanci a 1839, Isa ya fassara ta daga baya, rajista ce ta jihadi: zango bayan zango, yaƙi bayan yaƙi, wa ya ci, wa ya faɗi. Ta san takarda tana ƙonewa, ta kuma san yawancin jama'a ba sa karanta Larabci. Sai ta yi kwafi na biyu a ƙirjin mutane.

To, a nan ne masu jawabi suke kauda kai. Asma'u ba 'yar kallo ba ce a yaƙin. Tana da ɓangare, kuma ba ta ɓoye ba. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matso Sakkwato, ta yi waƙar addu'a da Fulatanci wadda farkon baitocinta suke harhaɗa ayar sauƙi bayan tsanani ta Suratu Sharhi. Ta yi waƙoƙi tana roƙon Allah ya karya Mayaƙi, Sarkin Gobir na Tsibiri, da Bawa wanda ya biyo bayansa, da sunayensu, ba da habaici ba. Ta yi doguwar waƙa a kan Gawakuke, yaƙin 1836 inda Bello ya murƙushe taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, Ibra ya tsere. Ta rubuta ta bayan shekara ashirin da aukuwar abin, lokacin da waɗanda suka halarta suke ƙarewa, kuma waƙar murnar nasara ce, babu juyayin waɗanda aka kashe a ɗaya gefen. Wanda yake neman mai sulhu tsakanin ɓangarori biyu ba zai same ta a nan ba.

Masu son su sayar da ita a tarukan ƙasashen waje a matsayin “'yar gwagwarmayar mata ta farko a Afirka” suna tsallake waɗannan waƙoƙi kamar mai tsallake kwata. Sun fi son labarin 'Yan Taru, kuma labari ne mai daɗi da gaske: tun wajen ƙarshen shekarun 1830 ta riƙa naɗa dattijan mata amintattu a matsayin jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, su je ƙauyukansu su tattaro tsofaffi da 'yan mata su kawo su Sakkwato ko Wurno, su koyi waƙoƙi, su koma su koyar. Sai dai ba a cika tambayar su wane ne ɗaliban ba, da dalilin da ya sa malamar da ta fi sakewa da Fulatanci ta koma yin waƙa da Hausa. Amsar tana cikin yaƙin. Nasarorin da ta yi wa waƙa su ne suka cika gidajen Sakkwato da garuruwan ribaɗi da matan da aka kamo, Hausawa, da yawansu sun tashi a hannun Innar Gobir da bori. Hatta malfar da take ɗora wa jaji tana cikin kayan da aka san Inna da su. Ta karɓi alamar ta sauya mata ma'ana. Makarantar 'Yan Taru ci gaban yaƙin ce ta hanyar karatu, da nufin mayar da waɗanda aka ci da takobi su zama 'yan gida a aƙida. Ana iya ganin rahama a cikin wannan, tunda ta ɗauke su mutane masu haƙƙin ilimi a lokacin da wasu ke ganinsu ganima kawai. Ana kuma iya ganin iko. Duka biyun suna nan, kuma mai cire ɗaya don ya ji daɗin ɗayan yana yi mata ƙarya.

Ɗaya ɓangaren masu binne ta su ne na gida, waɗanda suka mayar da ita “'yar Shehu” kawai: waliyyiya, mai albarka, a je Hubbare a yi ziyara a dawo. Ziyara ba laifi ba ce, kuma lalle tana kwance a can kusa da mahaifinta. Amma wannan girmamawa ma tana rufe bakinta. Matar da ta zaɓi Tabbat Haƙiƙa ta fassara, shekara goma sha huɗu bayan rasuwar Shehu, ta san abin da take yi. Waƙar gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da masu cin dukiyar talaka, kuma a 1831 masu mulkin ba Haɓe ba ne, 'ya'yan jama'a ne. Mayar da ita Hausa yana nufin sa ta a bakin talakawan da ake mulka. A ƙarshen rayuwarta ma ta yi waƙa tana goyon bayan tuɓe Ɗan Yalli na Yabo saboda halinsa. A wannan ta bi sawun baffanta Abdullahi ɗan Fodiyo, shi ma mawaƙin yaƙi, wanda tun a 1807 ya ga yadda son duniya ya shiga rundunar har ya kama hanyar gabas ya tsaya a Kano, ya kuma bar shaidar ɓacin ransa a Tazyinul Waraƙati. Gidan bai saba yi wa nasa shiru ba. Masu gadon sarauta da ke son a ambaci Nana a taro ba lalle su so a rera musu abin da ta fassara ba.

Kuma akwai marsiyyoyi, waɗanda su ne suka fi nuna mutum. Ta yi wa Abdullahi a 1829, ta yi wa Bello a 1837, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta A'isha. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauta gare ta ba, ta yi wa jajinta Hauwa'u. Abin lura shi ne abin da take yabawa: haƙuri, sada zumunci, kyauta, sasanta mutane. Ko a kan Bello, jarumin Gawakuke, ta fi tsayawa a kan halinsa. Mai tsaron littattafai ce a nan ma. Tana shigar da sunaye a rajista kafin a manta, har da sunayen da babu wani marubucin fada da zai ɓata takarda a kansu.

Wani zai ce, to me ya yi zafi? Ai ayyukanta sun tsira, kusan sittin, an buga su. Haka ne, amma a duba yadda suka tsira. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Lugga suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Turawa suka kwashi wasiƙun da suka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Abin da ya rage ya zauna a hannun zuriyar Giɗaɗo, har ya iso ga Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, shi ma mawaƙi kuma masanin tarihi. A ɗakin karatunsa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967. A nan kuma Jean Boyd, malamar makaranta 'yar Ingila da ta daɗe a Sakkwato, ta sami takardun Asma'u, ta rubuta tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997 a maɗaba'ar wata jami'a a Mishigan ta Amurka. Sun yi aikin da ya cancanci godiya, babu mai hankalin da zai ce ba haka ba. Amma sarƙar siririya ce ƙwarai: gida ɗaya, dattijo ɗaya mai buɗe ƙofa, baƙi biyu masu naci. Da ɗaya ya tsinke, da yau masu jawabi ba su da ko jimlar nan ta harsuna huɗu.

Sakamakon kuwa shi ne littafin da kowa yake kafa hujja da shi a kan mawaƙiyar Sakkwato, sharhinsa da bayaninsa da Turanci suke. Jikanyar jaji a Wurno ko Kware, wadda aka yi waƙoƙin don kakanninta, ita ce ta fi kowa nisa da shi. Ɗalibar da ke kwana a ɗakin da aka sa wa sunan Nana tana iya gama digiri ba ta iya karanta shafi ɗaya na rubutun da Nana ta yi amfani da shi ba. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 aka ɗora Hausa a kan boko, ajami yake ja da baya a harkar hukuma. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira, a 2014 daga sabuwar naira ɗari. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan kuɗin, kuma an yi gaskiya. Sai dai da yawa daga masu kumfar baki a kan kalmomi biyu a jikin naira ba su taɓa tambayar halin da dubban shafukan ajami suke ciki a soron kakanninsu ba.

Ba wai babu wuraren ajiya ba. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai tarin da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, kuma akwai ma'aikata a cikinsu da suka ba da rayuwarsu ga takardu. Amma babban kaso na rubutun ƙasar nan bai taɓa shiga irin waɗannan wurare ba. Yana gidajen malamai, a cikin adaka da buhu da gafakar da ta bushe, a hannun magada waɗanda wani lokaci sukan raba littafi ɗaya gida uku a matsayin gado. Aikin da ake bukata shi ne dai wanda Asma'u ta yi: a bi gida-gida, a rubuta abin da ke akwai, a jera shafuka, a ɗauki hoto, a horar da matasa masu karanta ajamin Hausa da na Fulatanci, a buga waƙoƙin cikin ƙananan littattafai masu araha da ajami da boko gefe da gefe, a naɗi muryoyin tsofaffin da suka gaji karin rerawa kafin su tafi da shi. Kuɗin fenti da allon suna da walimar buɗe gini ɗaya zai biya mai kwafi na tsawon lokaci. Amma ba a yanka kyalle a gaban fihirisa, shi ya sa ba ta da masoya a cikin masu rabon kasafi.

Wanda yake ganin akwai sauran lokaci ya dubi Tumbutu. A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa dubban rubuce-rubuce wuta a Cibiyar Ahmad Baba kafin su fice daga garin. Mafi yawan dukiyar garin ta tsira ne saboda Abdulƙadir Haidara da iyalan masu littattafai sun riga sun kwashe ta a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, a mota da jirgin ruwa, zuwa Bamako. Sun iya yin haka domin sun san abin da suke da shi da inda yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gabashin jihar Sakkwato kuwa, Sabon Birni da Isa da Goronyo, tsohuwar ƙasar Gobir inda aka yi wasu daga cikin yaƙoƙin da Asma'u ta yi wa waƙa, shekaru ke nan mutane suna barin ƙauyukansu da dare da abin da hannu zai iya ɗauka. Malamin ƙauyen da ya gudu da iyalinsa ba shi da raƙumi.

A wannan yankin ne kuma tsohon tarihi ya fara dawowa a bakin masu zuga, Haɓe da Fulani, wa ya ci wa, wa ya bautar da wa, ana yaɗa shi a Facebook da TikTok gutsure-gutsure ba tare da takarda ko ɗaya ba. Ɓoye waƙoƙin yaƙin Asma'u ba zai kashe wannan wuta ba. Zai bar fagen ne ga waɗanda ba su karanta komai ba. Bagobirin da kakansa ya faɗi a Gawakuke yana da haƙƙin ya karanta abin da aka rubuta a kansa, cikin harshensa, tare da shekarar da aka rubuta da dalilin rubutawa, ya kuma ajiye shi kusa da abin da makaɗan Tsibiri da Maraɗi suka riƙe na nasu ɓangaren. Haka shi ma mai alfahari da jihadi yana bukatar ya ji Tabbat Haƙiƙa har ƙarshe, ya san da wa take.

Da Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar jajoji da ɗalibansu, takardun kuma suka zauna a gidan Waziri, a unguwar Giɗaɗawa, tafiyar 'yan mintoci daga Hubbare. Masu ziyara suna wucewa ta wajen kullum, su yi addu'a, su ba da sadaka, su hau mota.